Godiya ga ofishin 'yan mazan jiya na Garwa

Ranka ya daɗe shugaba, tare da ma'aikatanka,

Gaisuwa mai yawa. Mu ne dattawan ikkilisiya da kwamitin jana'iza, mun rubuto a madadin Mama da 'ya'ya da jikoki, saboda hidimar da kuka yi wa gidan Baba bayan ya yi barci cikin Ubangiji. Mun fito da godiyar fili ne domin sauran gidajen tsofaffin sojoji su san ƙofar da za su fara bugawa.

Baba ya kai casa'in, ko ya ɗan haura. Shi kansa dariya yake yi in an tambaye shi. Ya sa kaki tun zamanin Faransa, ya je yaƙin Aljeriya, da aka sami mulkin kai a 1960 ya koma rundunar Kamaru har ya ajiye aiki. Daga nan sai gona a bakin Binuwai, da bencin gaba a majami'a, da Zabura kowace asuba kafin kowa ya taɓa koko. Yaran da suka tashi a gidansa sun fi waɗanda ya haifa yawa. Ranar biso, maƙwabtansa Musulmi na Yelwa ne suka kafa rumfa.

Ya bar akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. A ciki akwai littafin sojansa naɗe cikin leda, gara ta ɗan ci gefe ɗaya, da katin tsohon mayaƙi, da lambobin girma, da takardar aure ta meri, wato ofishin magajin gari. Wannan ta ƙarshe ita ce ta ceci Mama. Gidaje da yawa na zaton auren coci ya isa, alhali hukuma ba ta san shi ba sai an ɗaura a gaban magajin gari. Matar da ta yi shekara hamsin a ɗakinta tana iya tashi hannu wofi a kan wannan kaɗai.

Abin da muka fi yaba muku shi ne tsarin da kuka ba iyalin, takarda bayan takarda. Kun ce a fara da shaidar likita, a kai ta meri a yanki takardar mutuwa tun kwana 90 ba su cika ba, don in sun wuce sai an bi ta wurin alƙali, kuma a nan ake cin watanni. Sannan taron dangi, a rubuta wanda aka wakilta, kowa ya sa hannu, a buga hatimi. Da wannan ake zuwa kotu neman hukuncin gado. Ita kuma Mama ta kawo shaidar cewa ba saki tsakaninsu, kuma ba ta sake aure ba. Ta yi murmushi da jin haka, amma doka ce. Kun kuma gaya musu tun farko kowace takarda da tambur ɗinta, wato kan sarki, na sefa 1,500, suka zo da kuɗin a shirye maimakon a yi ta zirga-zirga a kan babur cikin zafin Garwa.

Inda aikin ya so ya cije shi ne suna. Magatakardan soja ya rubuta shi yadda kunnensa ya ji, na meri ya rubuta nasa daban, harafi biyu suka saɓa. Shekarar haihuwa ma ƙiyasi ce, irin "né vers" ɗin nan na mutanen da. Ma'aikaciyarku ta jera takardun a kan tebur, ta bi su da yatsa layi-layi, ta gano saɓanin kafin fayil ya tafi Yawunde. Ta sa aka nemo certificat d'individualité, wadda ke shaida cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne. Da ba ta duba ba, da fayil ya je ya kwanta, ba mai cewa komai, iyali na nan suna jiran gawon shanu.

Kun kuma bambance musu kuɗi iri biyun da mutane ke haɗawa. Wanda Faransa ke biyan mai katin mayaƙi sau biyu a shekara yana tsayawa da rasuwarsa, ba a gadonsa, kuma in an yi shiru aka ci gaba da karɓa, sai an mayar. Fansho na aikin soja kuwa, matar mamaci na da rabonta a ciki. Gaskiya ce mai ɗaci, amma gara a ji ta da wuri, kuma kun faɗe ta cikin ladabi.

Ranar jana'iza kun iso kafin a ɗauko Baba daga ɗakin ajiye gawa. Aka lulluɓe akwati da tutar ƙasa, aka ɗora hularsa, jikansa ya riƙe lambobin a kan matashi. Kun zauna da fasto tun ana gobe jana'iza da dare kuka tsara lokaci, shi ya sa begila ba ta shiga cikin waƙar zumuntar mata ba. Da aka busa ta, tsofaffin abokan aikinsa suka miƙe suka sara, ɗaya ma sai da aka riƙe masa sanda.

Roƙonmu ɗaya ne: jerin takardun nan da kuka rubuta wa iyalin da hannu, a buga shi da Hausa da Fulatanci a manna a bakin ƙofa. Yawancin matan da ke zuwa wurinku ba sa karanta Faransanci.

Ubangiji ya sāka muku da alheri, ya tsare ku da iyalanku.

Naku,
Dattawan ikkilisiya da kwamitin jana'iza, Garwa