Wasiƙa Zuwa Ga Magaji A Yamai

Magaji,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan Tawa lafiya lau, sai ƙafar innarka da ta taso da shigowar ɗari.

Gwaggonka ta dawo daga wurinku da labarin ka cire takwarana daga lakol ɗin unguwa, ka kai shi wata ta kuɗi inda babu bulala, babu jeren tebura, yaro ke zaɓar aikin da zai yi da hannunsa. Ita abin ya ɗaure mata kai. Ni kuwa na san tsarin tun muna makarantar horon malamai. Maria Montessori ce ta assasa shi, wata likita ƴar Italiya da ta buɗe gidan yara na farko a unguwar talakawa cikin birnin Rum a 1907. Ba na ƙin sa. Mu ma a ƙasar nan an gwada sabuwar hanya tun 1973, da aka fara koyar da yara cikin harshen uwa a Damagaram. Sai dai matar nan ba a kan kayan wasa ta kafa aikinta ba, a kan babba ta kafa shi. Ta nemi mai tarbiyya ya fara yaƙar fushinsa da girman kansa, ya koyi zama shiru yana lura da yaro.

Abin da ya hana ni barci ke nan. Gwaggonka ta ce ranar da za ta taso, yaron ya ture kofin kunu a kan tabarma. Kafin kowa ya buɗe baki ya runtse ido, ya ɗora hannu biyu a ka, ya ƙanƙame jiki yana jiran saukar mari. Yaro ɗan shekara shida! Wannan ba a lakol ya koyo shi ba, Magaji. Zuciyar gidanmu ce, ka kuma san inda ta kai Baba Ƙarami, ka san dalilin da har gobe ba a taka ƙofar nan ta gabas. Ita nake jiye maka tsoro fiye da talauci, fiye da ciwo. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kana zuba jikkuna duk wata don a koya masa natsuwa da safe, kai kuma ka dawo da yamma ka rushe ta da tsawa. Wa kake yaudara?

Kada ka ce ai ni ma na dake ka. Na dake ka, ban kuma yi nadama ba. Amma tuna da kyau, ban taɓa ɗaga maka hannu zuciyata tana tafasa ba. Alwala nake yi, in zauna gindin dogon yaro har la'asar, sannan in kira ka in faɗa maka laifinka. Sau da yawa kafin lokacin bulalar ta fita raina. Manzon Allah (SAW) ya umarci wanda ya fusata yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Anas ɗan Malik shekara 10 ya yi yana masa hidima, bai taɓa jin ko "tir" daga bakinsa ba.

An ce kana karanta abin da Turawa ke rubutawa kan zama shiru da bin numfashi. Karanta, ba laifi. Malamanmu sun daɗe da koyar da muraƙaba da muhasaba, wato lura da zuciya da yi wa kai hisabi. In ka idar da asuba kada ka zabura, tsaya kan sallaya ka tambayi kanka wa ka yi wa tsawa jiya, kuma me ya ci ranka tun kafin ka gan shi. In ka tsallako gadar Kennedy da gajiya da haushin wurin aiki, dakata a ƙofar gida ka sauke numfashi, ka kashe salula, sannan ka yi sallama. Ka zauna ƙasa kusa da shi yana wasa, ka kalle shi kawai, ba gyara, ba tambayar karatu.

Na san kana son yaron nan, da ba haka ba da ba ka matse aljihunka saboda shi ba. Kai ma haka kake da taushin zuciya kana ƙarami. Bar shi a sabuwar makarantar. In an yi hutun Disamba ku taho tare, akwai maganar da ba ta takarda ba ce. Innarka ta ajiye masa ƙuli-ƙuli, tana gaida maiɗakinka.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka