Zuwa ga ɗana a Alƙahira, kan abokin da ya kushe littafinka

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, duk muna lafiya. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci.

Saƙon muryarka na daren Juma'a sau biyu na saurare shi a zaure. Ka ce abokinka ya karanta labarin da ka shekara biyu kana rubutawa, ya dawo maka da shi duk jan biro, ya ce rabinsa surutu ne, kai kuma ka daina ɗaga wayarsa. Abin ya hana ni barci. Na tashi na buɗe akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gado, na ciro wasiƙun Gustave Flaubert, marubucin nan Bafaranshe, da nake karantawa tun ina koyar da Faransanci. Takardun sun yi ja, gara ma ta ci gefen bangon.

A watan Satumba na 1849 wannan bawan Allah ya kira abokansa biyu, Louis Bouilhet da Maxime Du Camp, gidansu a Croisset kusa da Rouen, ya karanta musu wani dogon littafi da ya rubuta a kan Waliyyi Antoine. Kwana huɗu yana karantawa, ba wanda ya ce uffan. Da ya gama, suka ce masa ya jefa a wuta. Du Camp ne ya ba da labarin daga baya. Ka auna wannan da jan biron da aka yi maka.

Bai ƙona ba, kuma bai yanke zumunci ba. Bayan 'yan makonni ya kama hanyar Masar, inda kake zaune yau, tare da shi Du Camp ɗin. Suka bi Kogin Nilu a jirgin ruwa har Wadi Halfa. Su wa yake rubuta wa dogayen wasiƙu daga can? Mahaifiyarsa, da Bouilhet, mutumin da ya kushe shi. Yana ba shi labarin raƙuma da kasuwanni da tsoffin gine-gine, yana tambayarsa ina ya kai a waƙoƙinsa. Ba duk abin da ke cikin wasiƙun zan so ka kwaikwaya ba, don rayuwarsa ba abin koyi ba ce a wurinmu. Riƙon abota nake nuna maka.

Da ya koma gida a 1851 ya fara rubuta littafinsa Madame Bovary, ya kusa shekara biyar a kansa. A wasiƙunsa yana kukan cewa sai ya yi kwanaki a kan shafi guda, yana karanta jimloli da ƙarfi don kunnensa ya ji inda suka yi tuntuɓe. Bouilhet kuwa yakan zo ƙarshen mako ya saurara, ya ce nan a cire, nan a gyara. Shi Du Camp wata shawara ya kawo a 1852: Flaubert ya taho Paris ya nemi suna tun da wuri. Flaubert ya mayar masa da amsa mai zafi, tsakaninsu ya yi sanyi. Mai gyara masa rubutu shi ya riƙe, mai zancen neman suna kuwa ya ja baya da shi. Da Bouilhet ya rasu a 1869, Flaubert ne ya tattara waƙoƙinsa na ƙarshe ya rubuta musu gabatarwa. Littafin da aka ce a ƙona kuwa ya yi ta sake shi, sai 1874 ya fito.

Ni ma na taɓa samun irin wannan aboki. Ya ce wasan kwaikwayon da na rubuta wa ɗalibai ba shi da rai, na yi fushi, na ƙaurace masa shekara huɗu. Gaskiya ya faɗa. Ya riga mu gidan gaskiya ban ce masa haka ba, kuma har yau abin yana cin raina.

Don Allah ka kira yaron nan kafin Juma'a mai zuwa. Ba sai ka yarda da duk gyaransa ba. Ku zauna ku bi shafi-shafi, inda kake da hujja ka tsaya a kanta. Sannan ka rubuto mini wasiƙa ta gaske, ba saƙon murya ba, ka gaya mini yadda Nilu yake da yamma. Ka haɗo da babi na farko, da jan biron a jikinsa.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Damagaram