Muguwar uwa a fim: wane fushin 'yan kallo ne ke kan gaskiya?

Malam Edita,

Ka ba mu ɗan fili mu tofa albarkacin bakinmu kan ce-ce-ku-cen da ke tashi duk lokacin da aka haska shiri mai dogon zango wanda uwa ce muguwar cikinsa, ta gallaza wa 'yar da ta haifa, ta kuma ci amanarta.

Abin da aka fi ji shi ne babu uwar da za ta yi haka. Wannan ƙyamar ba yau ta fara ba. Lokacin da Jamusawan nan 'yan'uwan juna, Jacob da Wilhelm Grimm, suka fitar da kundin tatsuniyoyinsu a 1812, mahaifiyar Snow White, yarinyar da ke ɗaya daga cikin tatsuniyoyin, ce da kanta ta tura maharbi ya kashe ta. A bugun 1819 suka mayar da ita matar uba. Muguntar matar uba ana haɗiye ta ko ba ruwa, ta mahaifiya kuwa a maƙogwaro take tsayawa. Sai dai cikin masu kallo akwai waɗanda ba su cika cewa uffan ba, in sun yi magana ma iyakarta "haka aka yi mini". Mai rantsuwa cewa babu irin wannan uwa, su yake ƙaryatawa bai sani ba.

Masu zagin jaruma da tausaya wa yarinyar da "aka azabtar" ya kamata su san yadda ake aikin. Marin nan da ya tayar musu da hankali bai taɓa kunci ba. Hannu yana wucewa da tazarar kamar faɗin tafi ɗaya, kyamara tana bayan kafaɗar ɗayansu yadda ba a ganin giɓin, wadda ake mari ta juya kai daidai wucewar hannun, ƙarar kuma a wurin haɗa hoto ake ɗora ta. In kyamara ta koma gefe, giɓin ya fito fili. In yarinya ta riga hannu juyawa, sai a sake ɗauka. Tsawar da uwa ke dakawa da idanu jajur, darakta mai hankali yana ɗaukar ta ne yarinyar ba ta wurin, fuskar jaruma kaɗai ta cika allo. Daga baya a ɗauki yarinyar ita kaɗai, a ce ta sunkuyar da kai ta ƙirga biyar, a ɗiga mata gilisirin a ƙarƙashin ido ya gangaro kamar hawaye. Mai haɗa hoto ne ke zaunar da su ɗaki ɗaya.

Rabin rigimar ma daga guntun bidiyo take tasowa: a yanko daƙiƙa 30 mafi zafi cikin kashi mai minti 45, a watsa a TikTok, wanda bai ga gaba ba bai ga baya ba ya yanke hukunci.

Amma akwai inda 'yan kallo ke da gaskiya, kuma laifin na masu alƙalami ne. Ruwa ba ya tsami banza. Uwar da ta fito muguwa tun minti na farko, ba a san me take tsoro ba, ba a san me take so ta kare ba, dodo ce kawai aka ɗaura wa zane. A ɗauka labarin na uwa ce da ta ɓoye takardar samun gurbin karatu ta 'yarta. Tun kashi na biyu ko na uku ya kamata a ga ita ma an taɓa datse mata hanya, ko tana fargabar zama ita kaɗai. A nuna ta ta karanta takardar sau biyu, ta ninke ta huɗu, ta tura ƙasan akwati, sannan ta fito da murmushi ta tambayi yarinyar ko an samu labari. Wannan fitowar ta minti ɗaya ta fi mari goma ciwo, kuma ranar da asiri ya tonu mai kallo zai tuna akwatin. Cin amanar da ba a shuka ba tun da wuri, in ta faɗo a kashi na 20, sai ya ji marubuci ne ya yaudare shi.

Matsala ta biyu jan zare. Shafi ɗaya na rubutu yana ba da kusan minti ɗaya a allo, don haka kashi 13 masu minti 45 suna cin shafi wajen 585. In labarin na kashi shida ne aka miƙe shi, da me za a cike ragowar? Da maimaita azaba: yau duka, gobe kulle a ɗaki, jibi sharri, kowanne sai ya fi na jiya muni don kada a ƙosa. Daga nan tausayi ke komawa gajiya, gajiya ta koma zagi. Maganinsa kowace mugunta ta sauya wani abu, ko yarinyar ta gano wani sirri, ko wani a gidan ya sauya ɓangare. Fitowar da ba ta sauya komai ba a cire ta, ko da ita ce ta fi sa kuka.

Ƙarshen shirin shi ya fi ƙona wa mutane rai. Bayan awa tara ana gallazawa, sai a kwantar da uwa rashin lafiya, ta yi kuka na minti biyar, a rungumi juna. Yafiya ba laifi ba ce, amma a ba ta aƙalla kashi biyu: uwa ta faɗi abin da ta yi da bakinta ɗaya bayan ɗaya, ta fito da takardar daga akwatin, a kuma bar wa yarinyar lokacin da za ta yi shiru kafin ta amsa.

Ga gidajen talabijin kuma, gargaɗi na daƙiƙa goma kafin kowane kashi, mai faɗin cewa akwai cin zarafin yara a ciki, ya isa iyaye su tashi ƙanana daga gaban allo.

Naku,
Wasu marubuta wasan kwaikwayo