Ina neman masaƙar da kakana ya yi aiki a Kakuri

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini, ko Allah zai sa wani dattijo ya karanta ya taimake ni.

Bayan rasuwar kakata a bara, muka buɗe adakarta. Can ƙasa, ƙarƙashin tsofaffin atamfofi, na tarar da hoto baƙi da fari: kakana yana saurayi, sanye da kakin aiki, ya dafa injin saƙa. Ba a rubuta komai a bayansa ba. A gida "masaƙa" kawai ake cewa, kamar guda ɗaya ce a Kaduna. Da ƙarfi yake magana har ya rasu, domin ƙarar injuna ta taɓa masa kunne. Kakata takan ba mu labarin yadda yake dawowa daga aikin dare a kan kekensa, ƙurar auduga ta yi masa furfura tun bai kai talatin ba.

Sai da na tashi daga Funtuwa na je Kakuri, unguwar masaƙu ta Kaduna, na gane girman aikin da ke gabana. Akwai masaƙar Kaduna Textiles (KTL), wadda gwamnatin Sardauna ta kafa da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila, ta fara aiki a 1957, ta tsaya a 2002. Ga Nortex, ga Arewa Textiles da Japanawa suka sa hannu a cikinta, ga United Nigerian Textiles (UNTL). Wacce ce tasa? Na tsaya a bakin wata ƙofa da tsatsa ta cinye, ciyawa ta fi ni tsawo, na kasa riƙe hawaye. Audugar garinmu ce ake kawowa nan, kakana kuma ya biyo ta.

Wani tsoho da na samu a gindin bishiya ya karɓi hoton, ya daɗe yana dubawa. Bai san fuskar ba, amma ya ce irin wannan injin akoko yake saƙawa, kuma a zamaninsu in jiniya ta kaɗa, kekuna ba sa barin mota ta wuce. Irin waɗannan dattawa kullum raguwa suke yi.

Shi ya sa nake kira ga ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da Gidan Arewa, cibiyar adana tarihi da ke Kaduna, su haɗa kai a tattara rajistar ma'aikata da katunan shaida da hotuna, a kuma naɗi muryoyin tsofaffin nan tun suna raye. Dubban gidaje sun ci tuwo daga Kakuri, kuma jikoki irina suna da yawa.

Na aiko da kwafin hoton tare da wannan wasiƙa. Kakana dogo ne, yana da tabon ƙuna a hannun hagu, ya zauna a Makera. Wanda ya gane shi, don Allah ya sanar da ofishinku.

Taku,
Wata mai karatu daga Funtuwa