Zuwa ga Abba, Kan Jar Fitilar Motarsa

Assalamu alaikum, Abba.

Muna nan lafiya. Ƙanwarka ta dawo tana ta yabon motar, Allah Ya sanya alheri. Sai dai a cikin hira ta saki maganar da ta hana ni barci: wai in ka shiga, sai ka zagaya da bel ta bayan kujera ka soka shi, don ƙarar da motar ke yi in ba a ɗaura bel ba ta daina damunka.

Haba Abba! Jar fitilar nan mai hoton mutum zaune da bel a ƙirji ba ta ganinka. Wani ɗan makunni ne a cikin ramin da ake soka ƙarfen, da ƙarfe ya shiga sai fitila ta mutu, ƙara ta tsaya. Shi ka yaudara. Gilashin gaba yana nan yana jiranka. Karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, ni kuwa na san ba 50 kake yi a hanyar Kaduna ba. Kada ka ce mini akwai jakar iska a sitiyari. Don wanda ya ɗaura bel aka yi ta, wanda bai ɗaura ba da ƙarfinta za ta tare shi a fuska.

In ka ɗaura amma fitilar ta ƙi mutuwa, duba kujerar gefenka, kaya masu nauyi kan sa mota ta ɗauka mutum ne zaune. In ba haka ba, ƙura ce ta cika ramin, ko waya ta saki a ƙarƙashin kujera. Kai wa rewaya ya gyara, kada ka yarda ya yanke wayar ya ce an gama.

Tun 2003 jami'an kiyaye haɗurra ke kama masu tuƙi ba bel, amma ba tararsu nake ji maka ba. Kai ka riƙe mini hannu ranar da aka kawo kawunka. Kana da wayo a lokacin, kada ka ce ka manta. In za ka kawo mini zancen ƙaddara, a gidan nan ka koyi cewa sai an ɗaure raƙumi ake tawakkali.

Na sani kana ganin na cika faɗa. To, ba zan daina ba. Ban gaya wa mahaifiyarka ba saboda hawan jininta, kai ma kada ka tsangwami yarinyar, ba ƙararka ta kawo ba.

Ka kira ni bayan Juma'a. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare hanya.

Mahaifinka.