Godiya ga masu gyaran kwamfutata na titin Gidan Zoo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Alhaji mai shagon gyaran kwamfuta da ke saman bene a titin Gidan Zoo, da yaransa baki ɗaya, musamman matashin nan da kowa ke kira Injiniya, mai zama a teburin ƙurya kusa da taga.

Alhaji, ka ce kada in sa sunan shagon don kada a ce kai ka sa ni. Na ji, ban sa ba. Amma godiyar kam a fili zan yi ta, tunda ƙorafin ma a fili na yi ta yin sa. Duk wanda ya zauna da ni a ofishin malamai cikin watannin nan ya gaji da jin labarin wannan kwamfuta.

Ni malamar sakandare ce, ina kuma karatun digiri na biyu a Jami'ar Bayero. Kwamfutar tawa Lenovo ThinkPad T430 ce, samfurin 2012, ta hannu maigidana ya saya mini shekarun baya. Baƙa ce wuluk, ga nauyi kamar bulo, har ɗalibaina sun sa mata suna akwatin Malama. Amma duk abin da na mallaka na aiki yana cikinta: makin jarrabawar aji uku, babi huɗu na kundin bincikena, da hotunan sunan 'yata waɗanda ba ni da su a ko'ina sai nan.

Ciwon nata a hankali ya zo. Da farko jinkirin tashi ne. In na danna maɓallin kunnawa sai in shiga kicin in ɗora ruwan shayi, in dawo in tarar ɗige-ɗigen nan suna ta zagaye. Wata rana na sa agogon waya na ƙirga, minti 7 kafin in iya buɗe Word. Sai fankar ta fara kuka kamar injin markaɗe, ƙasanta kuma ya ɗauki zafin da ba ka iya ɗora ta a cinya. Na ƙarshe, wanda ya fi ci mini rai, shi ne waifai. Wayata tana ɗaki tana ganin MiFi ɗin da ke falo sarai, ita kuwa sai na ajiye shi a jikinta kamar jariri kafin ta gan shi, kuma ko ta kama, ba a minti goma ta sake. Ranar da malamin da ke duba aikina ya ce mu haɗu ta Zoom, sau huɗu ina ficewa. A na huɗun ya turo mini saƙo cewa mu bari sai na shirya. Ba faɗa ya yi ba, amma na rufe marfin na zauna ina hawaye, don na san yadda na sha wuya kafin in sami wannan lokacin nasa.

Kafin in zo gare ku wurare uku na je, ba zan faɗi ko ina ne ba, su sun san kansu. Na farko ko kunna ta bai yi ba ya ce bairos ne, sai an yi fomat. Na biya naira 5,000. Ya ce ya kwashe mini komai, ashe abin da ke kan fuskar allo bai taɓa ba, tambayoyin jarrabawar zango guda suka tafi. Ya kuma cika ta da manhajojin da ban roƙa ba, har da maganin bairos iri biyu. Kwana uku ta ɗan yi sauƙi, ta koma gidan jiya. Na biyu ya sayar mini da wani ɗan abu mai kama da filas, wai in riƙa soka shi a gefe yana kama waifai. Ya yi mako biyu, ya karye a jaka cikin adaidaita sahu, saura kaɗan ya tafi da ramin USB ɗin. Na ukun shi ne gwani. Ya juya ta sama da ƙasa, ya taɓe baki, ya ce bod ne ya tafi, wato babban allon cikinta da komai ke haɗe a kansa, gyaranta asara ce, amma zai taimaka ya karɓe ta a matsayin kayan gyara in cika kuɗi ya ba ni wata. Duk wannan bayanin ƙanena da ya raka ni yake yi wa, ni mai kayan ko kallo ban ishe shi ba. Da na yi tambaya sai ya ce, "Hajiya, ba za ki gane ba." Ya kuma ce in rubuta masa kalmar sirri a takarda in dawo jibi. A nan na ɗauki abata na fito.

Duk macen da ke garin nan ta san abin da ya sa. Ba ƙaramin abu ba ne ki miƙa wa baƙon namiji na'urar da hotunanki na cikin gida ke ciki, ki ba shi mabuɗi, ki juya baya.

Wata abokiyar aikina ce ta kwatanta mini shagonku. Na hau benen nan ba tare da wani fata ba, na ma riga na shirya faɗa. Abin da Injiniya ya fara yi shi ne ya jawo mini kujera, ya ce, "Anti, zauna ki gaya mini yadda take yi miki, daga farko." Ya saurara har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya juyo da kwamfutar gabana ya ce in sa kalmar sirrin da hannuna, shi kuma ya kau da kai. Wallahi daga nan zuciyata ta sauka.

Ya buɗe Task Manager ya nuna mini layin faifan ajiya, yana tsaye cak a kashi 100 alhali ba abin da muka buɗe. Ya ce matsalar ke nan, ba bairos ba. Faifan da ke ciki irin na da ne, mai faranti da ke juyawa sau 5,400 a minti da ɗan hannu mai bin sa yana karantawa, kamar garmaho. Ko yana da ƙoshin lafiya da ƙyar yake wuce megabait 100 a daƙiƙa, nawa kuwa ya fara mutuwa. Ya sa wata manhaja mai suna CrystalDiskInfo, ta nuna gargaɗi da ruwan ɗorawa, alamar wasu sassan farantin sun lalace. Ya ce, "Anti, ba waifai ne abin gaggawa ba. Wannan faifan zai iya tsayawa gobe, ya tafi da karatunki." Kafin ya kwance ko sukuru ɗaya sai da ya sa na kwashe kundina da hotunan a filas ɗina, ina kallo. Mutum uku sun riƙe wannan kwamfuta, ba wanda ya duba wannan.

Maganin shi ne SSD, sabon nau'in faifan ajiya wanda ba abin da ke juyawa a cikinsa, kuma a irin mahaɗin da kwamfutata ke da shi yana kai wajen megabait 500 a daƙiƙa. Na ce a sa mini mafi girma, tunda an zo an zo. Ya duba ya ga duk abin da na tara bai kai gigabait 90 ba, ya ce mai 256 ya ishe ni, in riƙe canjina. Sai da na sake kallonsa. Ban taɓa ganin mai shago ya rage wa kansa ciniki ba. RAM ɗin, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita in tana kunne, shi ma haka: gigabait 4 ne a ciki, na ji ana cewa tana ɗaukar 16, ya ce gaskiya ne tana ɗauka, amma mai Word da Zoom da 'yan shafukan intanet 8 ta wadace ta. Ya ƙara guda mai 4 irin DDR3 daidai da na ciki, ya ce in suka zama biyu masu kama da juna sun fi aiki tare.

Sai batun zafi. Da ya cire kibod ya kai ga fankar, ya kira ni in gani. Ƙurar hunturun Kano ta shekaru ta dunƙule a bakin inda iska ke fita, ta zama kamar audugar katifa, ya zaro ta da ɗan hantsaki a dunƙule guda. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da bututun jan ƙarfe mai janye zafi ya bushe ƙamas kamar tsohuwar makuba. Ya ce in furosesa ta ji zafi ya yi yawa da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, shi ya sa take ƙara nauyi da rana tsaka, balle a watan Afrilu da garin kansa ke haura digiri 40. Ya goge, ya sa sabon mai ɗan ɗigo. Ya kuma yi mini faɗa cikin ladabi a kan ɗora ta bisa katifa da filo, wanda kullum nake yi, har yau ma ban gama dainawa ba.

Amma inda ya burge ni ƙwarai shi ne waifai. Tun kafin ya kwance ta ya haɗa ta da na shagonku, ya ce in zuba ido a kan 'yan sandunan sigina. Ya tura marfin baya a hankali, sanduna suka zube. Ya dawo da shi, suka hau. Ya yi haka sau uku yana murmushi. Ashe eriyar laftof a cikin marfi take, a saman allo, kuma wasu siraran wayoyi ne ke bi ta gaɓar da marfin ke buɗewa su sauko zuwa katin waifai a ƙarƙashin kibod. Ɗaya ta tsinke a gaɓar saboda buɗewa da rufewa na shekaru, ɗayar kuma kanta ya yi sako-sako a jikin katin. Bod ɗin da aka ce ya tafi lafiyarsa ƙalau. Ya canja wayar, aikin da ya ci masa fiye da awa guda don sai an kwance gefen allo.

Katin nawa kuma mai zango ɗaya ne, zangon waifai na 2.4 kawai yake gani, inda na'urorin maƙwabta duk suke cunkushe. Ya ba ni zaɓi: in bar shi tunda yanzu zai yi aiki, ko a sa katin Intel 6205 mai ganin zangon 5 ma. Na ce wato 5G ke nan? Ya yi dariya ya ce a'a, wancan na layin waya ne, wannan zangon waifai ne, ya fi sauri da rashin cunkoso amma ba ya ratsa bango sosai, in ina ɗaki MiFi yana falo in koma 2.4. Ya ƙara da cewa ba kowane kati ThinkPad ta wannan zamanin ke karɓa ba. In ba wanda Lenovo ta amince da shi ba ne, tana kunnuwa za ta nuna kuskure mai lamba 1802 ta ƙi wucewa. Sai da ya tona akwati ya samo wanda aka ciro daga irinta, kuma ya gaya mini na hannu ne, kuɗin na hannu ya karɓa. Daga ƙarshe ya shiga saiti ya hana Windows kashe katin da sunan tattalin batir.

Sauran aikin, sa Windows da cire tarkacen da ke tashi tare da ita da magungunan bairos ɗin nan biyu masu kokawa da juna, an yi shi yadda ya kamata. Da aka gama ya ce in sa agogo. Daƙiƙa 22. Na ce a sake, ko kuskure ne. Kai kanka Alhaji sai da ka yi dariya daga inda kake zaune.

Bai ɓoye mini abin da ba na son ji ba. Ya ce Microsoft ta rufe tallafin da ta saba bai wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma wannan kwamfutar ba ta cikin waɗanda aka yarda su hau Windows 11, don ana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesar Intel ta zubi na 8 zuwa sama, tawa kuwa ta zubi na 3 ce. Akwai masu tura ta da dabara, ya ce, amma ba zai yi mini ba tare da na san abin da ke ciki ba. Shawararsa in gama karatuna da ita, in fara adashin wata a hankali.

Aka ba ni rasit da aka rubuta kowane abu da kuɗinsa, aka sa tsohon faifan da tsohon katin a leda aka miƙo mini. Wannan ledar ta tsaya mini a rai. Sau nawa muke kai gyara, waya ko janareta ko mota, a ce an canja abu, ka ce ina tsohon, a ce an yar? Sau nawa ake cire mai kyau a sa maka mai rabin rai, kai ba ka sani ba sai bayan wata guda? Yaro ya yi wata uku yana riƙe wa ubangidansa sukurudireba, gobe ya kama shago ya rubuta injiniya a allo, maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta, fomat. Kuma ba a wajen masu gyara abin ya tsaya ba. Je ofis neman takarda, a ce ka dawo gobe ba tare da an ɗaga kai an dube ka ba. In mace ce ke kuma, sai a tambaye ki ina maigidan, kamar kuɗin hannunki ba kuɗi ba ne. Mun saba da wulaƙanci har ya kai in an ja mana kujera sai mu fara zargin ko akwai wata a ƙasa. Ni kaina ina zaune a shagonku ina jiran inda za a ɓullo mini, har na sauko daga benen ba a ɓullo ba.

Alhaji, Allah ya yi wa kasuwa albarka, ya jiƙan mahaifa. Injiniya, ƙanena, Allah ya ba ka naka shagon da mata tagari, ya tsare hannun nan. Na yi zaman Zoom ɗin ranar Talata, awa ɗaya da kwata ba yankewa, an kuma amince da babi na huɗu da 'yan gyare-gyare. Batirin da ka ce in bari sai an yi albashi, ka ajiye mini shi, ina nan tafe ranar Asabar bayan la'asar in sha Allahu, tare da kwamfutar shugabar makarantarmu, ita ma tata fankar ta fara kuka.

Wassalam,
Malamar sakandare daga Kabuga, Kano.