Malam Edita, akwai kashi na uku a duwatsun sama

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a?

Tun da aka yi gwanjon dutsen nan da ya faɗo daga duniyar Mars aka tsince shi a yankin Agadas a New York a 2025 kan dala miliyan 5.3 ake ta zancen duwatsun da ke faɗowa daga sama, amma duk mai bayani sai ya ce ko dutse ne ko ƙarfe ne shikenan. To akwai na uku fa, rabi ƙarfe rabi dutse, shi ya ma fi wuyar samu don cikin ɗari da aka ga faɗowarsu da kyar ake samun ɗaya.

A cikin wannan kashi na uku, wanda ya fi burge ni shi ne wanda ake kira palasait. Ta waje ba abin kallo, baƙi ne ko ya yi ja saboda tsatsa, sai ka ɗaga ka ji nauyinsa ya kusa ninka na dutsen da muka saba, maganaɗisu kuma caraf yake kama shi. Amma a yanka shi siriri a goge a ɗaga wa rana, Allahu Akbar! Ƙarfe ne haɗe da nikel yana sheƙi, ga ƙwayoyin ma'adinin olibin kore-kore da ruwan ɗorawa zaune a ciki kamar gyaɗa cikin alewa, haske na ratsa su. Masana da yawa na ganin daga cikin wasu ƙananan duniyoyi da suka farfashe ya fito, daidai inda narkakken ƙarfen tsakiya ya haɗu da dutsen da ke kansa. Sunan Peter Pallas ya ci, Bajamushen da ya bincika wani mai kilo kusan 700 a Saiberiya a 1772. A 2016 ma masu neman raƙumansu a Sericho ta Kenya sun ci karo da irinsa.

Ɗan'uwansa mesosidarait ba shi da wannan kyan, gutsattsarin dutse ne da ƙarfe a cakuɗe sakamakon karo.

Abin da ya sa na rubuto, tsatsa ce babbar matsalarsu. Mutum ya tsinci abu ya je ya wanke da ruwa da omo, ko ya kai wa maƙeri a sa a wuta wai a gani ko da zinare, ya lalata shi kenan. Don Allah ku nemo malamin ilimin duwatsu daga jami'a ya yi wa mutane bayani da Hausa, musamman masu haƙar zinare a Arewacin Nijar da ke yawo cikin sahara.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku mai bibiya daga Zinder